Rifot ɗin Access mai kurostab ya ƙi buɗewa? Ga yanda ake bin sawun matsalar

Duk ƙarshen zango a nan Jos sai ka ga masu kula da kwamfutar makarantu cikin damuwa, daga Bauchi Road zuwa Angwan Rogo har Bukuru, kuma yawanci matsalar ɗaya ce: babbar takardar sakamako, wadda ake jera sunayen yara a gefe, darussa a sama, maki a tsakiya, ta ƙi fita daga Microsoft Access, ga shugaban makaranta yana jira ga iyaye an riga an sa masu ranar zuwa. Irin wannan takardar, wadda Access ke kira rifot (Report), kusan kullum a kan kwerin kurostab (Crosstab Query) ake gina ta, wato kwerin da ke tara bayani ya jera shi gefe da sama, kuma sai an zaɓi aji da zango a wani ɗan fom kafin ta buɗe, toh a nan ne abun yake cuɗewa. Da misalin makaranta zan yi bayanin amma mai shagon magani ko mai sitoo da yake fitar da cinikin wata-wata duk abu ɗaya ne zai same shi.

Abun da nake so ka riƙe kafin ka taɓa komai shi ne, rifot yana son sunayen kolum da ba sa canzawa, shi kuma kurostab daga cikin bayanan yake ƙirƙiro sunayen nasa kolum ɗin duk lokacin da ya tashi aiki. Rifot kamar rijistar aji yake da aka riga aka ja mata layi da rula aka rubuta sunan kowane darasi a sama. Shi kuwa kurostab in yau babu yaro ko ɗaya da ya yi Hausa a ajin da ka zaɓa, to babu kolum mai suna Hausa, shikenan, bai ma san da shi ba. Kusan duk saƙon kuskuren da za ka gani daga wannan rashin jituwar yake fitowa, in ka gane wannan sauran aikin bin layi ne kawai.

Dan Allah ka fara kwafe fayil ɗin a filash ko wani folda daban. Sannan kar ka fara daga rifot, ka fara daga ƙasa. Buɗe fom ɗin, ka zaɓi aji da zango, ka bar shi a buɗe, sai ka je ka danna kwerin da ke can ƙasa, wanda kurostab ɗin yake ɗauko bayani daga gare shi, a misalina sunansa qryMaki. Ya buɗe? Ya kawo layukan da kake tsammani? To sai ka buɗe kurostab ɗin shi kaɗai. In shi ma ya buɗe lafiya sai rifot ne kawai ke ƙi, ka san matsalar ta sunayen kolum ce. In kuma kurostab ɗin ne ya ƙi, ta farameta ce, wato ƙimar da kwerin ke karɓa daga waje, kamar ajin da ka zaɓa a fom. Mutane da yawa sukan ɓata yini guda suna goge akwatunan rifot suna sake jerawa alhali abun bai ma kai ga rifot ɗin ba.

Mu fara da na farameta tunda shi ya fi yawa. Saƙon da yake fitowa shi ne Access bai gane [Forms]![frmZabi]![cboAji], wato akwatin zaɓen aji da ke fom ɗin, a matsayin sunan fil (field) ba, a Turance za ka ga "does not recognize ... as a valid field name or expression", lambar kuskuren kuma 3070. A tsofaffin Access sunan injin Jet ne yake fitowa a saƙon, daga Access 2007 da aka kawo fayil irin accdb sai saƙon ya ɗan canza baki amma ciwon ɗaya ne. Abun da ke ruɗa mutane shi ne wannan sharaɗin dai yana aiki sumul a kweri na yau da kullum, kana juya shi zuwa kurostab sai ya tsaya. Dalili kuwa, kweri na yau da kullum in ya ga sunan da bai sani ba sai ya ɗauka farameta ne ya je ya nemo ƙimarsa, shi kuma kurostab dole sai ya san sunayen kolum ɗinsa tun da wuri, saboda haka ba ya yarda da zato, sai ka gaya masa ƙarara cewa wannan farameta ne kuma ga irin bayanin da ke ciki.

Yanda ake yi: ka buɗe kwerin a Design, a sama ka danna Parameters, a gefen hagu ka rubuta sunan kamar yanda yake a sharaɗin, harafi da harafi, a dama ka zaɓi irinsa. Ni na fi son a shiga SQL a gani da ido, ga yanda zai kasance:

PARAMETERS [Forms]![frmZabi]![cboAji] Text (255), [Forms]![frmZabi]![cboZango] Short, [Forms]![frmZabi]![cboShekara] Text (255);
TRANSFORM Sum(Maki) AS MakinDarasi
SELECT LambarDalibi, Suna, Sum(Maki) AS Jimla
FROM qryMaki
WHERE Aji=[Forms]![frmZabi]![cboAji] AND Zango=[Forms]![frmZabi]![cboZango] AND Shekara=[Forms]![frmZabi]![cboShekara]
GROUP BY LambarDalibi, Suna
PIVOT Darasi;

Kar ka rubuta sunan da hannu sau biyu, ka kwafe shi daga sharaɗin ka manna, domin harafi ɗaya ya bambanta Access zai ɗauke su abu biyu ne ya fara tambayarka ƙima. Ka duba kuma ko ya ninka maka bakan gefen nan masu kusurwa a layin PARAMETERS, yakan yi hakan wani lokaci sai ya dawo yana ƙorafin "Invalid bracketing", gyaran kawai ka goge ƙarin. Kuma in sharaɗin ba a cikin kurostab ɗin yake ba, yana can cikin qryMaki ko ma wani kweri da ke ƙasan wannan, duk da haka sai an bayyana shi, ka bi su ɗaya bayan ɗaya har ka samo inda aka ambaci fom, ka bayyana a can. Wannan yakan ɓuya sosai idan wani ne ya gina databes ɗin ya bar aikin, ka buɗe kurostab ka ga babu sharaɗi ko ɗaya amma yana ta kukan 3070.

Sai irin bayanin. Akwatin zaɓi yakan nuna maka JSS 2A amma abun da yake riƙe da shi a ciki lamba ce, misali 5, saboda kolum na farko an ɓoye shi. In haka ne Long za ka bayyana ba Text ba. Hanya mafi sauƙi ta tabbatarwa, fom yana buɗe ka danna Ctrl da G, a tagar da ta fito ka rubuta ?Forms!frmZabi!cboAji ka buga Enter, zai nuna maka ainihin abun da kwerin yake karɓa. Wallahi wannan ɗan gwajin ya fi awa biyu na hasashe amfani. In kana so barin akwati babu komai ya zama "kawo duka", ka gwada da Len([Forms]![frmZabi]![cboAji] & "")=0, ya fi Is Null tabbas a kan farameta irin Text.

Fom ɗin kuma dole ya zauna a buɗe har rifot ya gama. Na sha ganin maɓallin da aka rubuta masa ya buɗe rifot sannan nan take ya rufe fom, a allo komai lafiya, ana danna firin sai tambayoyi su fara fitowa domin Access ya sake komawa neman ƙimar bai tarar da fom ba. In ba ka son a ga fom ɗin ka ɓoye shi da Me.Visible = False, ka rufe shi idan an rufe rifot. Wasu suna amfani da TempVars, wurin ajiye ƙima na ɗan lokaci, wanda shi ma a Access 2007 ya shigo, yana da kyau amma shi ma ka bayyana shi a kurostab, kuma lokacin zuba masa ƙima ka sa .Value a ƙarshen sunan akwatin in ba haka ba zai ƙi karɓa.

Wani abun da ake gwadawa a ga bai yi ba shi ne tace rifot da sharaɗin da ake ba DoCmd.OpenReport. Wannan tacewar bayan kurostab ya gama aikinsa take zuwa, saboda haka fil ɗin da suka fito a sakamakon kawai take gani. In Zango ba ya cikin kan layuka to ba ta san shi ba. Sharaɗin zango da na kwanan wata a cikin kwerin ya kamata su zauna, a Design ka sa Where a layin Total, layin Crosstab kuma ka bar shi fayau.

Yanzu ga babbar, wato kurostab yana buɗewa amma rifot ya ƙi. An gina rifot da bayanan JSS, akwai akwati ɗaure da Basic Science, yau an zaɓi SS 2 inda babu wannan darasin sai Physics da Government da su Literature, sai 3070 ya sake fitowa amma wannan karon sunan darasi ne a cikin saƙon ba sunan fom ba. Ka karanta saƙon da kyau, sunan da ke tsakiyarsa shi ke gaya maka wace matsala ce daga cikin biyun. Haka in ajin da aka zaɓa ba a shigar masa da maki ko ɗaya ba, kolum ɗin darussa gaba ɗaya ba za su fito ba.

Maganin farko shi ne ka kafe sunayen. A Design ka buɗe Property Sheet na kwerin, akwai wuri mai suna Column Headings, ka jera su, ko a SQL ka ƙara a layin ƙarshe:

PIVOT Darasi IN ("English","Maths","Hausa","IRS","CRS","Civic");

Da zarar ka yi haka kolum shidan nan za su fito kullum, akwai bayani ko babu, kuma a jerin da ka rubuta ba a jerin a, b, c ba. Akwai ƙarin riba: rifot zai daina tambayarka farameta sau uku sau huɗu duk lokacin da ka buɗe shi a Design, kuma Report Wizard da yake nuna maka jerin fil babu komai zai fara nuna su, domin yanzu ba sai an tayar da kwerin ba kafin a san sunayen. In waƙafi ya ƙi karɓuwa a Column Headings ka gwada waƙafi mai ɗigo, ya danganta da saitin yanki na Windows ɗin kwamfutar.

Amma fa akwai haɗari a nan kuma shi ne wanda ya fi tsorata ni, domin ba ya fitar da saƙon kuskure ko kaɗan. Duk darasin da ba ya cikin jerin nan, Access zai zubar da kolum ɗinsa shiru. Malami ɗaya ya shigar da Maths, wani ya rubuta Mathematics, wani Math, sai ka ga rabin aji babu makin lissafi a takarda, kuma jimlar da ke gefe tana haɗa har da wanda aka ɓoye, saboda ita duk layukan yaron take tarawa ba ruwanta da jerin IN. Uba ya zauna da kalkuleta ya tara makin ɗansa ya ga bai yi daidai da jimla ba, kuma yana da gaskiya, abun kunya ne ga makaranta kuma hakkin yaro ne. Saboda haka duk wanda ya kafe kolum ya ajiye ɗan kweri na bincike kusa:

SELECT DISTINCT Darasi FROM qryMaki WHERE Darasi Not In ("English","Maths","Hausa","IRS","CRS","Civic") Or Darasi Is Null;

In ya kawo ko layi ɗaya kar a buga takarda sai an gyara. Gyara na dindindin kuma shi ne a daina bari ana rubuta sunan darasi da hannu, a yi teburin darussa a riƙa zaɓa daga akwati. Bayanan da aka ɗauko daga Excel sun fi zuwa da irin wannan, har da sarari a gaban kalma da ido ba ya gani, Trim yana cire shi.

Biyu ƙanana da ke da alaƙa da wannan. In ka ga kolum mai suna <> a kurostab, wasu layuka ne ba a sa masu darasi ba, ka nemo su. Sannan ɗigo ba ya shiga sunan fil a Access, saboda haka in an rubuta I.R.S ko C.R.S da ɗigo, kolum ɗin zai fito I_R_S ne, kai kuma kana can rifot kana kiran I.R.S yana cewa bai san shi ba. Cire ɗigon daga bayanan ya fi sauƙi.

To in darussan suna canzawa daga aji zuwa aji fa, JSS daban, SS ɓangaren kimiyya daban, na fasaha daban? Wasu sukan yi rifot ɗaya ga kowane aji, ba na ba da wannan shawarar, ranar da aka canza tambarin makaranta sai ka gyara rifot goma sha. Abun da ya fi, ka daina sa sunan darasi ya zama sunan kolum, ka sa lamba. Ka yi ɗan tebur, mu ce tblDarasinAji, mai Aji da Darasi da Lamba, a JSS 2 English ne 1, Maths 2, Basic Science 3, a SS 2 kuma 3 ɗin ta zama Physics, haka dai. Ka haɗa shi da qryMaki ta Aji da Darasi, sai layin ƙarshe ya zama:

PIVOT "D" & Lamba IN ("D1","D2","D3","D4","D5","D6","D7","D8","D9","D10","D11","D12","D13","D14","D15");

Akwatunan rifot ka ɗaure su da D1 zuwa D15, ba za su sake canzawa ba har abada. A sama kuma maimakon lebul ka sa akwatin rubutu mai ɗauko sunan:

=DLookup("Darasi","tblDarasinAji","Aji='" & [Forms]![frmZabi]![cboAji] & "' And Lamba=1")

na biyu Lamba=2, haka har ƙarshe. Ajin da darussansa goma sha biyu ne sai ukun ƙarshe su fito fayau babu ko kuskure. Ina son wannan hanyar saboda babu VBA, wato rubuta kod na Access, a ciki, malamin da zai gaje ka zai iya ƙara darasi ta hanyar ƙara layi ɗaya a tebur ba sai ya kira kowa ba. Abu ɗaya, darasin da aka manta ba a sa shi a tblDarasinAji ba, to zai ɓace a haɗin, wannan karon har daga jimla, saboda haka shi ma a riƙa bincikawa da Find Unmatched Query Wizard.

Akwai masu son hanyar VBA, wato a bar akwatunan a kwance ba a ɗaure ba, lokacin da rifot zai buɗe a karanta sunayen kolum a ɗaura masu. Tana aiki, a cikin Report_Open ake yinta, sai dai a nan ne ake haɗuwa da kuskure na uku, 3061, "Too few parameters". Dalilinsa shi ne in ka buɗe kwerin ta cikin kod, DAO, wato hanyar da kod ke bi ya karanta bayanai, bai san fom ba, kai za ka miƙa masa ƙimar da hannunka:

Set db = CurrentDb
Set qdf = db.QueryDefs("qryMakiKuros")
For Each prm In qdf.Parameters
prm.Value = Eval(prm.Name)
Next prm
Set rs = qdf.OpenRecordset

daga nan sai ka bi rs.Fields kana sa sunan kowanne a ControlSource na akwati da Caption na lebul, ragowar akwatunan ka ɓoye su. Ka tuna ka tsallake kolum na farko-farko, lambar ɗalibi da suna da jimla, kuma ka sa sharaɗi in kolum sun fi akwatunan yawa ya faɗa wa mai aiki, kar ya yanke su shiru.

Batun gurbin da babu komai, wannan yana buƙatar tunani ba wai dabara kawai ba. Da yawa da sun ga gurbi fayau sai su ruga su sa Nz, umarnin da ke cike gurbin da babu komai, ya koma sifili. A takardar kuɗin makaranta daidai ne, wanda bai biya a watan ba sifili ya biya. Amma a maki, musamman a gari irin Jos da aji ɗaya akwai masu IRS akwai masu CRS, yaron da ba ya ɗaukar darasi gurbinsa ya kamata ya zauna fayau, in ka cika masa sifili sannan ka raba jimla da yawan kolum ka zalunce shi a matsakaicin maki kuma matsayinsa a aji zai faɗi. Avg(Maki) a matsayin kan layi ba ya ƙirga abun da babu, shi ya dace. Inda Nz ya zama dole shi ne in kana tara kolum da kanka a rifot, domin =[D1]+[D2] in ɗaya babu komai duka amsar za ta ɓace, sai ka rubuta =Nz([D1],0)+Nz([D2],0). In kuma ka sa Nz a cikin kwerin ka ga lambobi sun koma gefen hagu, ya mayar da su rubutu ne, ka naɗe shi da CLng ko CCur in kuɗi ne. In sifilin don ido kawai kake so, kar ma ka taɓa kweri, Format na akwati yana da kashi huɗu kuma na huɗun na gurbin da babu komai ne: #,##0;-#,##0;0;0

In ka ga #Error a akwati, duba sunan akwatin. Wizard yakan ba akwati suna ɗaya da fil ɗinsa, D1 da D1, kana canza shi zuwa =Nz([D1],0) sai ya zama yana kiran kansa, ka mayar da sunan txtD1. A ƙasan rifot kuma Sum sunan fil yake karɓa ba sunan akwati ba, =Sum([D1]) daidai, =Sum([txtD1]) ba zai yi ba.

Makin da ya wuce 100 fa? Yawanci ɗayan uku ne. Ko an manta sharaɗin shekarar karatu ya tara na 2023/2024 da na 2024/2025, ko an shigar da makin sau biyu, ko an tara da suna kawai alhali yara biyu suna ɗaya gare su, abun da ba baƙo ba ne a makarantunmu, shi ya sa na sa LambarDalibi a misalin sama. Kar ka canza Sum zuwa First don lambar ta yi kyau, ɓoye ciwon ka yi. Ka canza shi zuwa Count na ɗan lokaci, duk gurbin da ya nuna 2 a nan matsalar take.

Masu rifot na wata-wata, kuɗin makaranta ko ciniki, naku ciwon kwanan wata ne. Mu a Najeriya rana muke fara rubutawa sannan wata, amma SQL na Access in ka haɗa kwanan wata cikin rubutu tsakanin alamun # tsarin Amurka yake bi, wata kafin rana. 03/04/2025 da kake nufin 3 ga Afrilu sai ya karanta 4 ga Maris, kuma abun takaici daga ranar 13 zuwa sama yakan juya da kansa ya yi daidai, shi ya sa za ka ga wani lokacin rifot daidai wani lokacin ba daidai ba ka rasa dalili. Bayyana farameta a matsayin DateTime da sa Format na akwatin fom ya zama Short Date yana kashe wannan. In a VBA kake haɗa rubutun, ka yi amfani da Format(kwana, "yyyy\-mm\-dd"). Haka in fil ɗin da Now() ake cika shi, yana ɗauke da lokaci, Between zai bar duk abun da aka biya a ranar ƙarshe bayan sha biyun dare, ka rubuta >= ranar farko And < ranar ƙarshe + 1.

Kan kolum na watanni kuma, Format([Kwana],"mmm") da Wizard yake sawa ba ya kallon shekara, Janairun bara da na bana kolum ɗaya za su faɗa in zangon kwanakin ya wuce shekara. Kuma sunan watan daga harshen saitin Windows yake ɗaukowa, in aka kai fayil ɗin kwamfutar da aka saita da Faransanci ko Larabci ba zai yi daidai da Jan, Feb da ke jerin IN ba sai kolum su fito fayau. Dabarar lamba ɗin nan ita ce dai mafita: PIVOT "W" & DateDiff("m",[Kwana],[Forms]![frmZabi]![txtKarshe]) IN ("W0","W1","W2") har zuwa W11, W0 watan ƙarshe, W1 wanda ya gabace shi, kan kolum na W1 kuma =DateAdd("m",-1,[Forms]![frmZabi]![txtKarshe]) da Format mmm yy, na W0 ka sa 0 a wurin -1, na W2 ka sa -2, haka har ƙarshe.

Ƙaramin rifot da ake sakawa cikin babba ba ya karɓar kurostab sam sai mai kafaffun kolum, Access da kansa zai faɗa maka. Tsohon zanen jadawali da ake sawa a rifot shi ma sau da yawa kurostab ne a ɓoye cikin Row Source ɗinsa, in 3070 ya ƙi tafiya bayan ka gyara komai ka leƙa can. In kuma ya ce kan kolum sun yi yawa, iyakar kweri fil 255 ne, yawanci ka juya da cikakken kwanan wata ne ko sunayen yara maimakon wata ko darasi.

Ajin da babu bayani, ka yi amfani da On No Data na rifot, ka nuna saƙo da Hausa ko Turanci mai sauƙi ka sa Cancel = True, sannan a maɓallin da ke buɗe rifot ka kama kuskure 2501 ka yi shiru da shi, domin shi ne Access yake jefowa idan an fasa buɗewa. Sakatariya ba ta buƙatar ganin taga mai Debug.

In komai daidai ne amma nauyi yake yi, musamman inda fayil ke kan kwamfuta ɗaya sauran suna jawowa ta netwok, ka sa Index a kan Aji da Zango da Shekara da LambarDalibi tukuna. In bai isa ba sai a zuba sakamakon kurostab a teburin wucin gadi mai D1 zuwa D15, a goge a sake zubawa duk lokacin da za a buga, rifot ya zauna a kan teburin. Sai dai gogewa da zubawa yana kumbura fayil, kuma iyakar fayil ɗin Access 2GB ne, saboda haka a riƙa yin Compact and Repair, amma kar a yi shi lokacin da wuta ke wasa ko janareta ya kusa shanye mai, kuma a kwafe fayil ɗin kafin nan.

Wajen bugawa, in firinta tana fitar da farar takarda bayan kowane shafi, faɗin rifot haɗe da gefen hagu da dama ya wuce faɗin takardar ne. A4 a kwance santimita 29.7 ne, in santimita ɗaya-ɗaya ka bari a gefe to rifot kar ya wuce 27.7, kuma ba akwatunan kawai ba, shi kansa farin filin rifot ɗin sai ka jawo bakinsa na dama ciki, in ya ƙi jawuwa akwai wani layi ko lebul da ya miƙe can, Ctrl da A zai nuna maka shi. Darussa goma sha biyar suna shiga A4 in ka sa Vertical ya zama Yes a akwatunan kan kolum ka ba kowane maki santimita 1.2, suna ya ɗauki 5, ragowar na jimla da matsakaici da matsayi. In makaranta ta nace sai A3 kuma firintarta ba ta ɗauka, ka saita shafin a kan Microsoft Print to PDF ka zaɓi A3, ka fitar da PDF ka kai wajen masu bugawa a Terminus, kar ka kai masu fayil ɗin databes gaba ɗaya da sunaye da makin yaran mutane a ciki.